Butar da Ruwanta Ba Ya Ƙarewa da Hukuncin Mai Jan Wasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani wasa da na ga ya fara shiga hannun wasu daga cikin matasanmu, musamman ɗaliban jami'a da waɗanda suka dawo daga karatu a waje. Sunansa Dungeons & Dragons. Ni ma a wajen karatu na koyo shi, kuma yanzu ni ke jan sa ga ƙannena da 'ya'yan yayyena da wasu abokai, ranar Asabar bayan la'asar, a kan tabarma a zauren gidanmu.

Ga wanda bai san shi ba, labari ne da mutum huɗu ko biyar ke ƙirƙira tare da baki. Kowa na da jaruminsa da aka rubuta ƙarfinsa da wayonsa da kayansa a takarda. Mutum ɗaya kuma, mai jan wasa, shi ke bayyana gari da daji da kogo, shi ke magana da bakin sarki da ɗan kasuwa da dodo. Idan jarumi zai yi abin da ba a da tabbacin zai yiwu, sai a jefa wani ɗan ludo mai fuska 20, a haɗa abin da ya fito da lambar da ke takarda, a ga ko ta kai. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fito da shi a 1974, ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna TSR a jihar Wisconsin. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR, kuma bugu na biyar, wanda yawancin mutane ke amfani da shi yau, ya fito ne a 2014, aka sake yi masa kwaskwarima a 2024.

Na san akwai iyayen da da zarar sun ji an ce kayan tsatsuba gabansu zai faɗi, don haka bari in kawar da wannan tun da wuri. Babu laya a ciki, babu surkulle, babu abin da ake karantawa ko ƙonawa, kuma ba a ajiye ko kwabo a kan tabarma. Fensir ne da takarda da lissafi. Zoben tsatsuba da jarumi ke samu a wasan, alal misali, layi biyar ne na rubutu a cikin littafi. A Amurka ma an yi irin wannan fargaba a shekarun 1980, har ta kai kamfanin TSR ya sauya sunayen shaiɗanun da ke cikin wasan a bugun 1989. Mahaifiyarmu da kanta ta zauna ta saurari zama guda daga farko har ƙarshe kafin ta bar mu muka ci gaba, kuma ina ganin hakan ya kamata kowane uba ko uwa su yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rigimar da na ga tana watsa zaman wasa fiye da kowace, wato gardama a kan abin da kayan tsatsuba ke iya yi da abin da ba ya iyawa. Na ji labarin rukunin abokai da suka daina haɗuwa gaba ɗaya saboda wata jaka da ba ta ma wanzu ba. Ɗaya ya riƙe littafi yana cewa ga abin da aka rubuta, mai jan wasa ya ce ni ne alƙali, abin da na faɗa ya zauna, aka tashi baram-baram. A ganina duka biyun sun kauce, kuma zan nuna dalili da misalan da suka faru a gabana.

Da farko dai, fiye da rabin gardamar da na taɓa gani ta samo asali ne daga karanta rabin shafi. Ɗauki jakar nan da littafin ya kira Bag of Holding. Kowa ya san tana cin kaya har nauyin laba 500, kusan kilo 227 ke nan, alhali ita kanta a bugun 2014 laba 15 ce ko an cika ta ko ba a cika ba. Nan yawanci ake tsayawa da karatu. Amma ƙasa kaɗan an rubuta cewa cikinta bai wuce ƙafa 64 ba idan aka ninka tsawo da faɗi da zurfi, bakinta kuma kamar ƙafa 2 ne. An rubuta cewa idan aka huda ta ko aka yi mata lodin da ya fi ƙarfinta za ta yage, kayan su watse a wata duniya da wasan ke kira Astral. An ma rubuta cewa mai numfashi da ya shiga ciki yana da minti 10 ne kacal, a raba da yawan waɗanda suka shiga. Ranar da ɗan yayana ya ce su huɗu za su ɓuya a cikinta a wuce da su ƙofar gari, ban ce masa komai ba, na miƙa masa littafin na ce ya karanta da ƙarfi har ƙarshe. Da ya kai wajen ya ɗaga kai ya ce, "Kawu, ashe minti biyu da rabi ke gare mu." Gardama ta mutu a nan, kuma sun shiga jakar duk da haka, ni kuma na sa mai gadin ƙofa ya tsaya dogon ciniki da mai ɗauke da su, kowa a zauren yana ƙirga sakan.

Haka dokar shaƙuwa da kaya. Manyan kayan tsatsuba ba sa yi wa jarumi aiki sai ya zauna da su na gajeren hutu, aƙalla awa ɗaya, kuma ba ya shaƙuwa da fiye da guda uku a lokaci ɗaya, ba ya kuma shaƙuwa da iri ɗaya guda biyu. Wanda ya ce zai jera zoben kariya a yatsunsa goma bai karanta wannan ba ne. Akwai kuma ƙa'idar da ke shafukan farko na littafin 'yan wasa: idan doka ta musamman ta ci karo da ta gama-gari, ta musamman ake bi. Waɗannan ba wurin hukuncin mai jan wasa ba ne, an riga an yanke su.

Inda aikin yake shi ne inda littafi ya yi shiru, kuma yana yin shiru da yawa, da gangan. 'Yan ƙananan littattafai uku ne suka fito a 1974, kuma a cikinsu alƙalin wasa ake kiran mai jan sa, kamar yadda aka gada daga wasannin yaƙi na teburi. Tun asali an gina shi ne a kan cewa wani mutum mai hankali zai cike giɓi. Jeremy Crawford, wanda ya jagoranci tsara dokokin bugu na biyar, ya bayyana a 2015 cewa ta fuska uku yake duban kowace doka: abin da rubutun ya faɗa, abin da marubutan suka nufa, da abin da zai sa wasa ya yi armashi. Daga baya kamfanin ya fito fili ya ce amsoshin da ma'aikatansa ke bayarwa a kafafen sada zumunta shawara ce ba hukunci ba, kuma ko hukuncin da suka tattara a rubuce, mai jan wasa ne ke da zaɓin ya ɗauka ko ya bari. To, an ba shi wuƙa da nama. Tambayata ita ce yadda zai yanka.

Ga abin da ya faru da butar. Akwai wata buta a wasan, Decanter of Endless Water, da ruwanta ba ya ƙarewa. Idan jarumi ya cire murfi ya faɗi ɗaya daga kalmomi uku, sai ta zubo galan 1, ko galan 5, ko ta yi feshin galan 30 da ke kai nisan ƙafa 30, ruwan daɗi ko na gishiri, wanda ya zaɓa. Ruwan kan tsaya a farkon zagaye na gaba, zagaye ɗaya kuwa sakan 6 ne. Na shirya musu labarin wani gari a bakin hamada da rijiyoyinsa suka ƙafe, wani attajiri ya kama ragowar ruwan yana sayarwa da tsada, maɓuɓɓugar garin kuma wani dodo ya toshe ta a cikin kogo. Niyyata su tafi kogon. Na zana taswirarsa, na shirya tarkunansa.

Ƙanwata, wadda aikin gona take karanta, ita ke riƙe da butar. Ta yi shiru tana rubutu a gefen takardarta, can ta ce, "Yaya, galan 30 duk sakan 6, galan 300 ke nan a minti, galan 18,000 a awa. Ya haura lita 68,000. Me zai kai mu kogo? A haƙa mini tafki a tsakiyar gari." Lissafinta babu kuskure ko ɗaya. Wani abokina da ke zaune ya ce in hana, ya kawo mini hujja daga littafin masu jan wasa na 2024, inda aka ce dokokin wasan ba dokokin kimiyya ba ne, wasan kuma ba tsarin tattalin arziki ba ne, kuma dole a karanta doka da kyakkyawar niyya. Maganar tana nan a littafin, kuma na yarda da ita a muhallinta. An rubuta ta ne don mai neman kafar da zai tara dukiya marar iyaka ya ɓata wa kowa wasa. Amma yarinyar nan ba arziki take nema ba. Ta ga gari na mutuwa da ƙishirwa, ga ruwa a hannunta, ta yi abin da duk mai tausayi zai yi. Idan na ce mata butar ta lalace, ko wani ikon da ba a sani ba ya hana, don kawai in kare taswirar da na ɓata dare ina zanawa, to na koya wa kowa a zauren cewa tunani ba shi da amfani, jiran abin da Yaya ya shirya kawai ake yi. Daga ranar ba wanda zai sake kawo dabara.

Sai na koma ga rubutun. Ya ce sai an faɗi kalmar kowane zagaye, wato mutum zai tsaya yana riƙe da buta mai feshi yana magana duk sakan 6. Bai faɗi tsawon lokacin da mutum zai iya jure wannan ba. Amma akwai doka a wani babi da ta ce tafiyar yini awa 8 ce, wanda ya wuce haka sai ya yi jifa duk awa, in ya faɗi gajiya ta kama shi. Na yi ƙiyasi da ita. Na ce mata awa 8 a yini za ta iya, abin da ya haura sai da jifa. Na faɗa mata wannan kafin ta fara, ta amince, aka haƙa tafki, garin ya sha ruwa, mata suka yi guɗa. Sannan na bar abin da ya kamata ya biyo baya ya biyo. Attajirin da kasuwarsa ta mutu ya sa a sato butar. Mutanen ƙauyuka suka ji labari suka yi ta tururuwa har tafkin ya kasa. Sarkin garin ya kira jarumar ya tambaye ta ranar da za ta tafi da butarta, su kuma su sha me. Da bakinta ta ce wa sauran, "Ku tashi mu je mu buɗe maɓuɓɓugar nan." Sun shiga kogon dai, amma da dalilinsu, ba da nawa ba, kuma ban taɓa ganin sun yi faɗa da zuciya ɗaya kamar ranar ba.

Sandar da ba ta motsi ma ta kawo tata. Ita wannan idan aka danna maɓallinta sai ta kafe a inda take ko a sararin sama ne, tana ɗaukar nauyin laba 8,000, sama da tan uku da rabi, abin da ya wuce haka sai ta saki ta faɗi. Littafin bai ce ta kafe game da me ba. Ƙanena mai son kimiyya ya ce ai duniya juyawa take, don haka sandar za ta fizge da gudu ta huda duk abin da ke gabanta. Na ce masa a wannan zauren da ƙasa take kafewa, na rubuta. Da suka hau jirgin ruwa ya so ya danna ta don ya tsayar da jirgin, muka duba tare: jirgi ya fi laba 8,000 nesa ba kusa ba, don haka za ta ɗan fasa katako ta saki. Bai ji daɗi ba, amma bai yi musu ba, domin daga hukuncin farko na biyun ya fito.

Na ce na rubuta, kuma a nan ne nake ganin masu jan wasa da yawa ke tuntuɓe. Ina da wani tsohon littafin rubutu na makaranta da ke zama a tsakiyar tabarma. Duk hukuncin da na yanke a inda doka ta yi shiru, a ciki yake shiga, da hannun ɗaya daga 'yan wasan ba nawa ba. Kowa na iya buɗe shi ya kama ni da shi. Mai jan wasan da ya ce sanda ta kafe da ƙasa yau, gobe kuma ta kafe da jirgi don hakan ya fi dacewa da shirinsa, ba alƙalanci yake yi ba, son rai ne. Kuma hukunci kafin jifa ake yanke shi. Ɗan wasa na da haƙƙin ya tambaya, idan na yi kaza me zai faru, a gaya masa abin da jaruminsa ya kamata ya sani, sannan ya zaɓa. A bar shi ya jefa, ya ci, sannan a ce ai ba haka dokar take ba, wannan cin amana ne ko da a wasa. Abin da kawai nake ɓoyewa shi ne abin da littafin da kansa ya ce a ɓoye, kamar la'anar da ke jikin wasu kayan, wadda ko an gwada su ba ta bayyana sai ta kama mutum.

Sharaɗin da ya fi duka nauyi a wurina shi ne hukuncin ya hau kan kowa, har da mugayen da nake magana da bakinsu. Akwai zoben ɓacewa, abin da mu za mu kira layar zana, wanda dokarsa a bugun 2014 ta ce mai shi zai ci gaba da ɓacewa har sai ya cire shi, ko ya kai hari, ko ya yi tsafi, ko ya ga damar bayyana. Da labarinmu ya yi nisa zoben ya shigo hannun ɗan yayana, ya karɓi butar nan ya ce zai ɓace ya riƙa fesa wa abokan gaba ruwa suna faɗuwa, ba tare da ya bayyana ba. Da jin haka zuciyata ta ce ai wannan hari ne. Amma littafin ya bayyana abin da yake nufi da hari: idan kana jifar kai hari, to hari kake kaiwa. A feshin butar ba mai fesawa ke jifa ba, wanda aka fesa ne ke jifar tsira, yana neman 13, in ya kasa ya ji ɗan ciwo ya faɗi ƙasa. Don haka a rubuce yaron na da gaskiya, na kuma ba shi ita. Sai dai na tuna masa abu biyu. Dokar ɓacewa ta ce ana iya gane inda mutum yake ta ƙarar da ya yi ko sawun da ya bari, shi kuwa zai ɗaga murya duk zagaye, ga igiyar ruwa mai ƙafa 30 tana nuna inda ta fito. Na biyu, na ce masa, "In na yarda maka, na yarda wa duk ɓarawon da ya zo muku da irin wannan." Ya yi jim, ya dubi sauran, suka ce sun ɗauka. Aka rubuta. Wannan tambaya kaɗai, ko za ku yarda a yi muku, ta raba mini gardama fiye da kowace hujja, domin dabarar da mutum ba zai so a juyo masa da ita ba, shi da kansa yakan janye ta.

Haka na yi da dabarar nan da ta shahara ta cusa jakar cikin wani ramin tafi-da-gidanka, wanda littafin ya ce yin hakan zai hallaka su biyun ya buɗe ƙofar da za ta zuƙe duk wanda ke cikin ƙafa 10 zuwa duniyar Astral. A rubuce take, ba na hanawa. Asarar kaya biyu masu daraja ce, kuma mai cusawar ma yana cikin ƙafa goman. Zoben biyan buƙata uku kuwa, littafin ya ba mai jan wasa damar ya karkatar da buƙatar da ta yi girma da yawa, amma ban ga mutunci ba a zauna ana laluben kuskuren lafazi a bakin yaro don a juya masa kyautarsa ta zama masifa. Nakan tambaye shi abin da yake nufi, in gaya masa iyakar abin da zoben zai iya, sannan ya furta.

Wani zai ce duk wannan ɗawainiya a kan abin da babu shi. Ni malamin lissafi ne, kuma na ga yaron da ba ya iya zama da littafin aji na minti goma ya zauna yana bin sakin layi kalma bayan kalma, yana ware abin da aka faɗa da abin da ba a faɗa ba, yana kawo hujja, yana sauraron ta wani, yana karɓar hukuncin da bai yi masa daɗi ba saboda ya ga an bi hanya. Mai jan wasan da ke murɗe doka yadda ya ga dama yana hana yaran nan wannan duka.

Ga masu son dubawa da idonsu, tun watan Janairun 2023 kamfanin Wizards of the Coast ya saki babban ɓangare na dokokin bugu na biyar kyauta a intanet ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kuma jakar da butar da sandar da zoben duk suna ciki. Lasisin ya halatta a fassara a kuma rarraba, muddin an ambaci masu shi. Ni da ƙanwata mun fara mayar da babin kayan tsatsuba zuwa Hausa saboda ƙananan da Turancinsu bai nuna ba, don kada karatun doka ya zama na mutum ɗaya a zaure. Idan jaridarka za ta ba da ɗan gurbi, Malam Edita, zan so in aiko da shafukan farko masu karatu su duba su yi mana gyara.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin lissafi,
Zariya.